Tarwaɗar Ramin Kuza

Azumin bana ya faɗo a bazara, daidai inda ya faɗo shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Masu lissafi sun ce haka watan yake zagayowa ya dawo mazauninsa. Ni dai ba lissafi ne ya gaya min ba. Ranar uku ga wata ina zaune a ƙofar kicin da la'asar ina tsinke zogale, hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi, ya tsaya yana kallonmu bai saki ko ɗigo ba, iska mai ɗumi ta gangaro daga kan duwatsu. Sai kawai na ji ƙarnin tarwaɗa a hancina, alhali rabon gidana da tarwaɗa an daɗe. Na ajiye farantin zogalen na zuba wa hadarin ido, har autata Hauwa, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta leƙo ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce mata azumi ne. Ƙarya na yi da bakin azumi, Allah ya yafe min.

Mutanen Kano in suka ji mun ce ana zafi a Jos, dariya suke yi mana. Su yi ta yi. Wanda ya saba kwana da bargo wata tara a shekara shi ya san yadda bazarar nan take gasa shi. A waccan shekarar kuwa ta yi tsawo. Rijiyar gidanmu a Dutse Uku ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da ake jawowa ma rabinsa laka ne. Kwanon rufi yana ɗaukar zafi tun hantsi, ɗakunanmu biyu su koma kamar tanda. Nama ya fi ƙarfinmu, man gyaɗa sai a cokali. Gwate muke yi da tsakin masara da duk ganyen da ya samu, a sha ruwa da shi, a yi sahur da ragowarsa.

Maigidana Malam Iliyasu, Allah ya jiƙansa, ɗan lambu ne. Lambunsa yana can bayan Rayfield, a bakin wani tsohon ramin kuza. Turawa ne suka haƙa ramin, suka kwashe abin da za su kwasa, suka tafi suka bar shi da tulin jar ƙasa a gefe, ruwa ya cika shi. Babu rafin da yake shiga, babu wanda yake fita. Ruwa ne kore shar, kwance, ko a tsakiyar rani bai taɓa ƙafewa ba. 'Yan lambu sun fi ashirin kewaye da shi, kowa da tumatir da kabeji da karas da latas. Filin na dangin wata dattijuwa ce 'yar Birom, Ngo Chundung, gidanta yana nan kan tudu cikin shingen ƙerana. Kwana biyu a mako nakan bi Malam in taya shi tsinkar tumatir, a nan muka saba da ita. Mace ce mai son mutane, ga surutu. Ba ta azumi, amma ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba, sai ta zagaya bayan bukka.

A shekarar tsutsa ta sauka a lambuna kamar an aiko ta. Ka ɗaga ganyen kabeji ka tarar da shi kamar rariya. Tumatir ya nuna ja gwanin kyau, ka juya shi ka ga rami. Sai kowa ya koma ga feshi. Maganin a kwalabe ake sayo shi a kasuwa, babu takarda babu suna, sai dai mai sayarwa ya ce wannan ya fi wancan ƙarfi. Warinsa kaɗai yana sara kai. Malam zai goya tankin feshi da safe, ya sake goyawa da yamma, in ya gama ya gangara bakin ruwa ya ɗauraye tankin sau uku, ya wanke hannu da ƙafa, kwalbar da ta ƙare ya cilla ta tsakiya. Ina tuna yadda bakin ruwan yake yin fari kamar an zuba madara, ya bazu a hankali, can ya ɓace, ruwan ya koma korensa. Haka kowa yake yi, kuma ba a shekarar aka fara ba, a shekarar dai aka ninka. Na taɓa cewa, "Malam, wannan abin ba ya ɓata ruwan?" Ya ce, "Ramin da zai haɗiye gidan sama? Me ɗaurayar tanki za ta yi masa?" Na ga gaskiyarsa, don da idona na ga ruwan ya cinye.

Ana saura wata guda azumi ƙanwata Zulai ta zo goyon ciki. Mahaifiyarmu ta rasu Zulai tana 'yar shekara tara, a hannuna ta tashi, ni na aurar da ita. Don haka cikinta na fari gidana zai dawo, ni ce uwa. Da ta sauko daga mota na ga wuyan nan kamar mariƙin lema, idanu sun faɗa, ciki wata bakwai amma sai ka ce ƙwarya ta kifa a ƙarƙashin zane, sai da na juya baya na share hawaye. Abinci ba ya zama a cikinta. Ni kuma ina da zuciya, ban ɓoye ba. Na san dangin mijinta a unguwar Congo-Russia suna zuba ido su ga yadda marainiya za ta dawo daga hannun yayarta matalauciya. Na rantse a raina sai na mayar da ita da kumatu.

To da me? A nan ramin kuza ya shigo tukunyata.

Ƙananan karfasa dama muna samu. Malam yakan jefa 'yar koma a gefen ruwa ya kwaso masu kamar tafin hannun yaro, ƙaya ta fi tsoka yawa, in soya su a ɗan mai a watsa a gwate. Amma a can ƙasan ramin akwai tsofaffin tarwaɗa da babu mai damunsu. Malam ya sayo manyan ƙugiyoyi, yana ɗana su da kwaɗi da yamma, da safe ya duba. Ranar da ya kawo ta farko a buhu a bayan keke, matan gidan hayarmu sai da suka fito kallo. Tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa, baƙa wuluk, gashin bakinta kamar na tsohon soja, kanta faffaɗa kamar faranti. Da na farka cikinta, kitse rawaya ya cika min hannu biyu, ga hanta, ga ƙwai jere. Na tarar da ƙananan karfasa uku a tumbinta ba su gama narkewa ba. Na yi dariya na ce wannan ta riga mu buɗa baki.

Na wanke ta da toka da ruwan zafi har santsin ya fita, na yi farfesu da citta da masoro da kimba da ɗan daddawa. Zulai ta shinshina, ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta shanye kwano guda ba ta yi amai ba. Ranar na yi barci kamar an sauke min dutse.

Daga nan na kafa doka a gidana. Dama a gidanmu haka muka tashi, mai rabon tukunya ita ta san darajar kowa, kuma kai da hanta da kitse na wanda aka fi ji da shi ne. Babbar tarwaɗa ta Zulai ce. Kai nata, hanta tata, ƙwai nata, kitsen ma nakan soye shi in ajiye a gwangwani in riƙa sa mata a abinci. Malam yakan samu gunduwa ɗaya ta wajen wutsiya. Ni da yarana uku, karfasa da ƙayarta. Duk kwana biyu ko uku ƙugiya takan kama, abin da ya ragu in banɗare shi a kan waya. Babu ranar da ta fito ta faɗi Zulai ba ta ci kifin nan ba.

Da azumi ya kama, ita ba ta yi, saboda cikin. Ni nake dafa mata da tsakar rana. Wanda bai tsaya a kan tukunyar farfesu da azahar ba, leɓe a bushe, hanji yana kuka, tururi yana dukan fuskarsa, bai san wani abu ba a azumi. Ko gishiri ba na iya ɗanɗanawa, sai in miƙa mata ludayi in ce ji min. Ta zauna a tabarma a inuwar katanga, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tana tsotsar ƙashin kai ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Yaya, wallahi kunya nake ji, kina azumi ina ci a gabanki." In ce, "Ci, ba ke kike ci ba, na cikin ne." Ina jin daɗin faɗar haka. Ina ganin lada nake tarawa buhu-buhu.

Ngo Chundung ce ta fara yi min magana. Muna tsinkar tumatir, rana ta take, ta ga Malam yana fito da wata ƙatuwa daga ruwa. Ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Maman Rabi," haka take kirana da sunan 'yata ta biyu, "wannan kifi, waye yana ci?"

Na ce ƙanwata ce mai ciki.

Ta kama baki. "Kai! Kar ka ba shi. Ba shi ƙanana, ƙanana ba damuwa sosai. Wannan babba, a'a. Zo ka gani."

Hausarta ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ja hannuna zuwa gindin itatuwan turare da ke gefen ramin, inda zalɓe suke sheƙa tun tana amarya. Ƙasan duk fasassun ƙwai ne. Ta ɗauki ɓawo ɗaya ta murza a yatsa, ya ruguje kamar busasshen ganye.

"Da, lokacin nan, yara na shi suna kuka a sama, ba ka iya barci da rana. Shekara uku yanzu, ko ɗaya. Ya zauna a kan ƙwai, ƙwai ya fashe. Ga wancan."

Ta nuna min wani zalɓe a bakin ruwa. Yana tsaye, kansa yana rawa. Ta jefa masa tsakuwa, ya buɗe fiffike ya yi taku biyu ya kife.

"Shi kifi kawai yana ci," in ji ta. "Mu mun bar cin babba na ruwan nan. Ruwan ya yi fushi."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta ɓata komai. Da na ji ruwa ya yi fushi, sai na ce a raina camfi ne irin na mutanen tudu, na tattara zalɓen da ƙwan da maganar gaba ɗaya na zuba a kwandon camfi. Na yi mata godiya a baki. A hanya ina bayan keke ina kwaikwayon Hausarta, Malam yana dariya har keken yana karkacewa. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu har gobe. Matar nan ba ta san sunan abin ba, amma ta gan shi. Ni da nake ganin na fi ta sani, ko kallo ban yi ba.

Sai kyanwarmu. Wata fara ce mai baƙin kunne, ita ke cinye kayan ciki da duk abin da na yar in ina gyaran kifi. Ta yi ƙiba har maƙwabta suna tsokana wai ita ma goyon ciki ta zo. Wajen ashirin ga azumi ta fara tafiya kamar mai maye, ta nufi ƙofa ta bugi bango. Kwana uku tana dalalar da miyau, ranar na huɗu muka tarar da ita a bayan randa ta sandare. Na ce gubar ɓera ta ci a gidan wani. Na sa aka jefar da ita, na koma na ɗora tukunya.

A cikin kwanakin ne na mari Rabi. Shekararta bakwai, tana azumin rabin yini irin na yara. Na zuba wa Zulai kan tarwaɗa na rufe, na shiga ɗaki ɗauko tabarma, na fito na tarar da yarinyar nan ta buɗe kwanon ta ɓalli kumatun kifin tana kaiwa baki. Ban san sanda hannuna ya sauka a fuskarta ba. Na matse mata baki sai da ta tofar. Na ce, "Mayya! Abincin mai ciki za ki ci?" Zulai ta taso da ƙyar tana cewa, "Yaya, don Allah bar ta, ai ya yi min yawa." Na ce ko ƙashi ba za ta taɓa ba. Shatin yatsuna ya kwana biyu a kuncinta.

Bayan salla da kwana tara ruwan farko ya sauka, kuma da ƙanƙara ya zo, irin ta Jos, mai kwankwatsar kwano kamar ana jifa. Ta farfasa sauran tumatirin Malam a yini ɗaya. Ruwan ya wanke lambunan nan kaf, ya kwashe duk abin da aka fesa musu tun farkon rani ya gangara da shi cikin ramin. Mu dai murna muke, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suna tsalle a tsakar gida suna tsintar ƙanƙara suna tsotsa. Washegari da hantsi Zulai ta haihu, namiji, ba ta wani sha wuya ba. Aka sa masa Nura.

Kwana arba'in na jego ban sassauta ba. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da farfesun tarwaɗa don nono ya kawo. Ya kuwa kawo, har yana jiƙa mata riga. Ranar da na mayar da ita Congo-Russia ta yi fari ta yi kumatu, zannuwanta sun matse ta. Uwar mijinta ta riƙe hannuna a gaban mata ta ce ko uwar da ta haife ta sai haka. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Nura bai zauna ba sai da ya shekara. Bai yi tafiya ba sai da ya kusa huɗu, ita ma tafiyar kamar ƙasa tana zame masa. Magana ta zo a tsinke, har yau a tsinke take. Hannuwansa suna rawa, kofi cike ba ya kai shi baki. An je asibiti, an yi rubutu, an yi hayaƙi, kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce iska, wasu su ce daga dangin uba ne. Lalurarsa ta cire wa Zulai kunyar ɗan fari, sunansa take kira gatsal, ita ke yi masa wanka har ya yi gemu. Ta haifi huɗu bayansa, a gidanta, a kan tuwo da miyar kuka, duk lafiyarsu ƙalau. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Malam ya bar lambu da ƙirjinsa ya fara ciwo, ya koma sayar da dankali, kifin ramin kuza ya fita daga gidanmu, na manta da shi.

Rabi ce ta tono shi, ba da saninta ba. Ita ce ta yi karatu a cikinsu, tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Shekara biyu da suka wuce ta zo min yini, ta baje babbar takarda a tsakar ɗaki tana zane na darasin gobe. Na ga kifi ƙarami, da babba, da tsuntsu mai dogon wuya. Na ce wannan kuma tatsuniya za ki koya musu?

Ta ce, "Umma, yadda guba take hawa ne. Kin ga ruwan nan? A ce an zuba masa maganin ƙwari, ko dalma ta tsattsafo daga ƙasar da aka haƙa. A ruwan kaɗan ne, ko kin sha ba za ki ji komai ba. To gansakuka da 'yan ƙwarin ruwa su suke fara tsotse shi. Wani irin maganin ba ya narkewa, ba ya fita da fitsari, sai ya maƙale a kitse da hanta ya zauna. Ƙaramin kifi ya ci ƙwarin nan dubu, ya tara na dubu. Babban kifi ya ci ƙananan nan shekara da shekaru, ya tara nasu duka. Duk wanda ya fi girma ya fi daɗewa, shi ya fi tarawa."

Na ce, "In an dafa fa? Ai wuta tana kashe komai."

"Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, Umma. Ko kin kwana kina dafawa yana nan. Kuma na ƙarshe ba kifin ba ne, wanda ya ci kifin ne." Ta ɗora alƙalami a kan tsuntsun. "In mace ce mai ciki, yana bi ta mahaifa ya isa ga ɗan, in ta haihu ya bi ta nono. Jikinta ma kamar sauke kayan yake yi a kan jaririn."

Ta ci gaba da shafa wa tsuntsunta launi. Ni kuwa ɗakin ya yi min duhu da rana tsaka. Zalɓen Ngo Chundung na gani yana kifewa, da kyanwa a bayan randa, da karfasa uku a tumbin tarwaɗa, da gwangwanin kitse a kan kantar kicin. Na ce, "Rabi, abin da ya samu Nura, zai iya zama irin wannan?" Ta ɗago ta dube ni. Ta tuna marin, na gani a idonta. Ta ce, "Umma, babu wanda zai iya rantsewa yanzu, an daɗe, kuma abubuwa da yawa suna kawo irin lalurarsa." Na ce ba rantsuwa na tambaye ki ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zai iya."

Shekara biyu ina ɗauke da wannan. Kullum in ce zan gaya wa Zulai, in na ga fuskarta sai bakina ya mutu. Ita kuma babu taron suna ko biki da za a yi ba ta ba da labarin goyon cikinta ba, yadda Yaya ta hana kanta ta hana 'ya'yanta ta ciyar da ita. Mata su yi ta sa min albarka, ni ina jin kamar ana watsa min ruwan zafi.

Ranar sha bakwai ga azumin nan, bayan la'asar, na ji sallamar Zulai. Ta shigo tana haki, Nura yana bayanta rungume da baho, ruwa yana fallatsa a rigarsa saboda rawar hannu, yana ta washe baki. Ya dire shi a gabana ya ce, "Inna... kifi." Tarwaɗa ce baƙa, mai faffaɗan kai, tana motsi.

Zulai ta ce, "Yaya, har bayan Rayfield na je da kaina. Na ce ba na son na gidan gona mai cin dusa, na ramin nan nake so, tsohuwa. Ramin yana nan, 'yan lambu sun ma fi da yawa. Na Hauwa ne. Yau dai in rama miki ko kaɗan."

Hauwa ta fito da cikinta tana murna, tana cewa Inna Zulai kin sha wahala. Ba ta san komai ba. Har ta sunkuya za ta ɗauki bahon.

Na ce, "Ajiye." Yadda muryata ta fita sai da kowa ya tsaya. Na kama hannun Zulai na ja ta ɗaki na saki labule.

Ban iya jera shi yadda Rabi ta jera ba. Na fara da tankin feshi, na koma kan zalɓe, na dawo kan kyanwa, ina yi ina share hanci. Na gaya mata an gargaɗe ni na yi dariya. Na gaya mata Rabi ta ce ba tabbas, amma zai iya. Na ce, "Da hannuna na zaɓa miki wurin da ya fi dafi, kullum, wata huɗu. Ki yafe min in za ki iya."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado tana kallon labule, ta inda ake jin Nura yana yi wa kifin magana.

Can ta ce, "Ranar da kika mari Rabi. Sai da kika matse mata baki ta tofar."

Na ce haka ne.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Allah ya so ta."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tashi ta gyara mayafi ta fita, ta ce wa Hauwa kifin ba shi da kyau, an cuce ta a wajen saye. Ta karɓi fartanya, ta ciro kifin daga baho ta nufi bayan ɗaki za ta binne shi, na bi ta. Ƙasar bazara ta yi tauri kamar siminti, muna karɓa-karɓa, tsofaffi biyu da azumi a baki. Na ce ya isa haka, ta ce a ƙara zurfi, akwai kyanwoyi a unguwar.

Muna tattake ƙasar aka kira salla. Hauwa ta shimfiɗa tabarma ta kawo dabino da kunu da ƙosai. Nura ya duba baho ya ga wayam, ya dubi uwarsa ya ce, "Kifi fa?" Ta ce, "Ya tafi, Nura. Zo ka sha kunu." Ta zauna kusa da shi ta riƙe masa kofin da hannu biyu kamar yadda take yi shekara talatin da uku, tana goge abin da ya zubo a gemunsa da gefen mayafinta. Nata dabinon yana gabanta ba ta taɓa ba. Ni ma nawa yana hannuna, har aka idar da salla a masallacin unguwa ban kai shi baki ba.